Kiwon awaki: abin da ya kamata sabuwar mai akuya ta sani tun daren farko

Duk wanda ya saba shiga kara ranar kasuwa, ko a Maraɗi, ko Tasawa, ko Sabon Mashi, ko Badagishiri, ko kuwa Turaku ta birnin Yamai, ya san irin matar da za mu yi magana a kanta. Mai tuyar ƙosai ce, ko mai saida kayan miya, wadda ta kwashi adashe ko asusun ƙungiya ya zagayo kanta, ta ce bari ta zuba kuɗin cikin abu mai rai tun kafin biki da suna su cinye su. Tana tsaye tana kallon awaki, dillalai sun kewaye ta kowa na yabon tasa, ita kuwa iyakar abin da ta sani game da akuya shi ne abin da ake faɗi a gari: wai akuya ba ta da wuyar kiwo, ko takarda ta samu sai ta ci ta kwana lafiya.

Wannan magana ta kashe awaki da yawa, ta kuma karya jarin mata da yawa. Gaskiya ne akuya ta fi tunkiya da saniya jure wahala, amma jure wahala daban, kawo riba daban. Akuyar da ke wuni tana kiwon bola tana iya rayuwa, sai dai nononta ba zai taka kara ya karya ba, tagwaye za su yi mata wuya, kuma ranar da ciwo ya ratso unguwa ita ce ta farkon faɗuwa.

Tun bayan matsalar ƙarancin cimaka ta shekarar 2005, da ta 2010 wadda ta halaka bisashe masu ɗimbin yawa a yankin makiyaya, gwamnati da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka ƙara himma wajen raba ma mata awaki domin su sake kafa jari. Sau da yawa akuya biyu ko uku ake ba mace, a haɗa da bunsuru. Masu rabon sun gane da wuri cewa miƙa igiya kawai bai isa ba, shi ya sa suke haɗawa da horo na ƴan kwanaki a kan ciyarwa da lafiyar dabba, inda ma'aikatan kiwo ke zama da matan a gindin itace suna nuna masu abu ɗaya bayan ɗaya. Amma ƴar kasuwar da ta sayi akuyarta da guminta, babu mai kiranta wannan zama. Saboda ita ne muka ga ya dace mu kawo waɗannan darussa a wannan shafi, mu kuma auna su da ma'aunin da ta fi sani, wato na uwar kuɗi da riba.

Daga kara zuwa gida

A kudancin ƙasarmu wadda aka fi nema ita ce jar akuyar Maraɗi. Gajera ce, jikinta a murɗe, gashinta gajere mai sheƙi, nauyin babba bai cika wuce kilo 25 zuwa 28 ba. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne yawan haihuwa: tana balaga da wuri, tagwaye ba abin mamaki ba ne gare ta, in kuma tana ƙoshi tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Fatarta kuwa ta yi suna tun zamanin ayarin raƙuma, lokacin da jemammun fatun ƙasar Hausa ke ƙetare hamada har su isa Turai, can a riƙa kiransu fatar Maroko domin ta nan suke biyowa. Tun 1963 akwai cibiya a Maraɗi da aka kafa musamman domin kare wannan iri da yaɗa bunsuransa cikin karkara. Wadda ke zaune arewa, wajen Tawa ko Tanut ko Dakwaro, za ta fi cin karo da doguwar akuyar Sahel, wadda ta fi jure tafiya da ƙishirwa. Ga mai zama cikin gari, wadda akuyarta za ta fi daɗewa a turke, ja ta fi dacewa.

Ko wace iri ce, kada tashin ciki ya ruɗi mai saye, domin wasu kan cika ma dabba ciki da ruwa da safiyar kasuwa. A buɗe baki a duba haƙora. Akuya haƙoran gaba na ƙasa kaɗai gare ta, guda 8. In duka ƙanana ne, na nono, da wuya ta wuce shekara. In manya biyu sun fito a tsakiya, ta kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ita ce ta saye, domin duk haihuwarta na gaba. In duka takwas manya ne ta kai wajen shekara 4, in kuwa sun cinye ko sun soma zuba, wannan ta mahauci ce. A duba hanci ko akwai majina, a duba ƙarƙashin wutsiya ko zawo ya ɓata shi, a shafa hantsa a tabbata babu taurin da ke nuna tsohon ciwo. A jawo fatar ido ta ƙasa: in cikinta ja ne akwai jini, in ya yi fari tsutsa ta sha ta. Sannan a ja igiya a ga tafiyarta. Wadda ba ta yarda da idonta ba ta tafi da wanda ya sani, amma kada ya zama mai la'ada a cikin cinikin.

In an iso gida, kuskuren da aka fi yi shi ne a kwance igiya a saki baƙuwa cikin na gida, ko a tura ta garken unguwa washegari. Kara wuri ne da bisashen garuruwa daban-daban ke cuɗanya suna shaƙar numfashin juna, kuma dabba kan ɗauko ciwo ta yi kwanaki ba ta nuna alama ba. A ɗaure sabuwa a gefe, da nata mazubin ruwa da na abinci, har mako uku. Mun san gidan haya a birni ba shi da filin wannan, amma ko bayan ɗaki ne ya fi babu. A cikin waɗannan kwanaki ne ake kiran ma'aikacin kiwo ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsa, ya faɗi ranar shaushawa.

Wurin kwana bai buƙatar siminti. Rumfa mai inuwa wadda ruwa bai kwanciya ƙarƙashinta, da zana ta ɓangaren da iskar ɗari ke bugowa, sun isa. Akuya ba ta son jiƙa ko kaɗan. Danshi ke kawo mata tari da ruɓewar kofato. A share kashin kullum a tara gefe, masu garka da masu gona na sayensa.

Lissafin ciki

A nan ne ribar take, a nan ne kuma yawancin sababbin masu kiwo ke faɗuwa, domin suna lissafin kuɗin akuya su manta da kuɗin cikinta. Akuya mai kilo 25 tana buƙatar abin da ya kusa kilo ɗaya na busasshen abinci kowace rana. Daga watan Janairu, lokacin da kalar gonaki ke ƙarewa, zuwa ƙarshen Yuni ko cikin Yuli da sabon haki ke kama ƙasa, kwana 180 ne ko fiye. Ke nan mai akuya uku tana buƙatar wajen kilo 500 in awakin ba su fita kiwo. In suna bin makiyayin unguwa a rage, amma kada a rage da yawa, domin a watan Afrilu da Mayu makiyaya da dama babu komai cikinsu sai rairayi da busasshen garmani, shi kuwa garmani bisashe ba su damu da shi ba.

Wannan lissafi bai kamata ya zama baƙo ga ƴar kasuwa ba. Yadda take sayen wake da gujiya da kaka ta ajiye, haka za ta yi da harawa. A watan Oktoba da Nuwamba damin harawar wake yana araha, manomi ma neman kai yake da shi. Zuwa bazara kuɗinsa ya ninka, wata shekarar ya fi haka, in Sallar layya ta faɗo cikin rani kuwa masu turkar raguna su ƙara tsadar. Wadda ta kashe dukan kuɗinta wajen sayen akuya huɗu ba ta bar na harawa ba, a ganinmu da ta sayi uku ta cika rumfa da sauran. Sau nawa muka ga an fito da akuya kasuwa a watan Mayu, ƙasusuwa a waje, ana saida ta ƙasa da yadda aka saye ta, domin a sayo ma sauran abinci?

Harawa mai kyau ita ce wadda ganyenta bai zube ba kuma korenta bai kau ba. A ɗora ta bisa rumfa ko soro, nesa da ƙasa saboda gara, a rufe ta da kara ko tsohuwar zana, domin rana na cinye amfaninta kamar yadda take cinye launin atamfa. Wajen bayarwa kada a watsa a ƙasa. Akuya dabba ce mai kiwon sama, ta fi son ta miƙa wuya ta ci, kuma abin da ta taka ko ta yi ma fitsari ta bar shi ke nan ko da yunwa za ta kashe ta. A ɗaure harawar a rataye daidai kanta, ko a zuba cikin komi ko rabin bido da aka ɗaga.

Karan hatsi da na dawa suna cika ciki amma ba su gina jiki. In an sassare su ƙanana aka yayyafa ruwan gishiri, akuya ta fi ci, asara ta ragu. Abin da ke gina jiki ya kawo nono shi ne harawar wake da ta gujiya, da kowar wake, da gadagi, da dussa, da tunkuza, da ɗiyan gawo. Shi gawo, wanda sassaben zamani ya sa ya yawaita a gonakin Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980, yana zubar da ɗiyansa da rani, daidai lokacin da ake matse. Yara na tsinta, ana kuma samunsu a kasuwa da buhu. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta fito da dabarar niƙa kara da inji a gauraya da dussa da ɗiyan gawo da gishiri a matse shi dunƙule-dunƙule, kuma ƙungiyoyin mata a wasu garuruwa sun mai da shi sana'a. Inda ake samunsa, ya fi sauƙin ajiya a ƙaramin gida.

Dussa kuwa ƙari ce, ba a mai da ita uwar abinci. Kilo ɗaya ya ishi akuya guda kwana 4, a ɗan jiƙa ta kada ƙura ta shaƙe ta. Wadda ta fi cancanta da ita ita ce mai tsohon ciki, a makonni shida na ƙarshe, da mai shayarwa. Kuma duk sabon abinci a fara shi kaɗan-kaɗan har mako guda, domin tumbin akuya sai ya saba. A nan masu sana'ar abinci sun fi kowa sa'a: mai ƙosai na da ɓawon wake, mai fura na da dussa da ƙasari, mai ƙuli-ƙuli na da tunkuza, mai kayan miya na da ganyen kabeji da na salati da ba su sayu ba. Sharaɗin kawai shi ne abin da ya yi funfuna ko ya ruɓe a zubar da shi; wanda ba a iya saida ma mutum saboda ruɓa, akuya ma ciwo zai sa mata.

Ruwa lita 2 zuwa 4 a rana, mai shayarwa da lokacin zafi su fi haka, kuma mai tsabta, safe da marece. Akuya ta gwammace ƙishirwa da ruwan wanke-wanke. A ajiye mata gutsuren kantu na Bilma ko dutsen lasa inda za ta kai baki duk lokacin da ta so, da ƴar kanwa jefi-jefi. Akuyar da ke lasar bango tana tauna tsumma, gishiri take nema, kuma ita ce ke ƙarewa da cin leda.

Maganar leda sai a tambayi mahauta, su ke ciro ta dunƙule daga tumbi. Ba ta narkewa, ba ta fita. Dabba na ci tana ramewa har ta kwanta, babu kuma maganin sha da ke fid da ita. Tun 2014 aka yi dokar hana shigo da irin wannan leda da saida ta a ƙasar nan, amma kowa na ganin yadda take lilo a kan ƙaya a bakin kowace kasuwa. Mu ƴan kasuwa ma muna da hannu ciki, domin mu ke ƙulla kayan dala biyar a leda. Wadda ke cikin gari ta tsare akuyarta a gida ya fi mata.

Akwai abincin da ke kisa cikin wuni guda. In akuya ta kwance ta faɗa buhun hatsi ko masara, ko aka juye mata ragowar tuwo da shinkafar biki, abin kan yi tsami a tumbi ya sa ta zawo da tangaɗi. A janye duk wani hatsi, a ba ta busasshen haki, a nemi ma'aikacin kiwo ba tare da jira ba. Ɗan jiƙon kanwa kan taimaka kafin ya iso. Gyauron dawa, wato tohon da ke fitowa bayan an yanke kara, yana da dafi. Takin zamani na ire da ake ajiyewa a zaure shi ma ƴar lasa kaɗan ta isa. Sannan farkon damana, in aka saki dabba da yunwa cikin ɗanyen haki mai raɓa, sai ciki ya kumbura ta ɓangaren hagu kamar ganga. A ba ta busasshe tukuna, a bari rana ta ɗaga. In kumburin ya riga ya zo, a tsai da ita gabanta ya fi bayanta tudu, a ba ta man gujiya kamar cikin ƙaramin kofin shayi a hankali ta gefen baki, ana murza cikin. Kada a ɗaga kanta sama a ɗura da ƙarfi, sai ya bi ta huhu.

Shaushawa da maganin kasuwa

Babbar annobar awaki ita ce wadda ma'aikatan kiwo ke kira PPR. An fara gano ta a Kodebuwa a 1942, kuma ta fi tsanani ga awaki bisa tumaki. Dabba kan yi zazzaɓi ta daina ci, ido da hanci su yi ta zuba har su manne, baki ya yi gyambo yana wari, zawo ya biyo baya da tari, cikin kwana 5 zuwa 10 ta mutu. A garken da bai taɓa samun rigakafi ba tana iya kwashe fiye da rabi. Ba ta da magani. Allurar da ake yi ma wadda ta kamu ta tare wasu cututtukan da ke biyo baya ce kawai. Amma tana da rigakafi mai ƙarfi, wanda allura guda ke kare dabba shekaru, kuma ɗakin bincike na LABOCEL da ke Yamai na sarrafa alluran bisashe a nan gida. A 2015, a wani taro a Abijan, ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da wannan ciwo kafin 2030. Kowace shekara, galibi lokacin ɗari, ma'aikatan kiwo na zagayen shaushawar bisashe kyauta. Matsalar matan birni ita ce ranar kan faɗo suna kasuwa, awakin na ɗaure a gida. A tambayi mai unguwa ko ma'aikatar kiwo ta gari tun da wuri, in ta kama a bar ma yarinya tebur na rabin wuni. Ɗan akuya in ya kai wata uku shi ma a kai shi.

Wannan allura sai cikin sanyi take rayuwa. Saboda haka duk wanda ya shimfiɗa buhu a rana cikin kara ya ce yana da ita, ruwa yake saidawa. Haka ma ƙwayoyin da ke jibge gabansa: wasu na jabu ne, wasu kwanansu ya wuce, wasu na shanu ne da ake ɓantara da ka. Mun fi kowa sanin yadda kaya ke shigowa kasuwa, bai kamata a ci mu da wannan ba. Tun farkon shekarun 2000, daga yankin Dakwaro, aka fara tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke da mataimaka horarru cikin ƙauyuka, kuma tsarin ya bazu zuwa jihohi da dama. A nemi sanin na kusa, a karɓi lambar salularsa tun akuya na lafiya.

Tsutsar ciki ba ta da hayaniya irin ta annoba, amma asararta ba kaɗan ba ce. Da damana take yawaita. Alamarta rama, da gashi a tsaye, da farin cikin ido, wani lokaci da kumburi ƙarƙashin haɓa. Abin da aka saba shi ne a ba da magani farkon damana da ƙarshenta, gwargwadon nauyin dabba, domin rabin ƙwaya ba ta kashe tsutsa, sai ma ta koya mata jure magani. A faɗa ma mai ba da maganin in akuya na da ƙaramin ciki, saboda akwai irin da ke ɓata ɗan tayi a farkon ciki. A kuma tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a sha nonon ko a ci naman. Kaska da ƙwarƙwata da ƙazuwa ana ganinsu da ido. Mai ƙazuwa a ware ta nan da nan.

Akwai abin da ya wuce asarar dabba, ya shafi ran mutum. In akuya ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko ta baya bai daskarewa, ana zaton ciwon saifa ne. Kada a feɗe, kada a ci, kada a kai ma mai tukuba da dare don a rage asara. A kira ma'aikatan kiwo su rufe ta cikin rami mai zurfi. In kuma akuya ta yi ɓari, kada a ɗauki ɗan tayin da mahaifa da hannu tsirara, mai juna biyu ma kada ta matso. A 2016, a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift ya fara da ɓarin bisashe, ya ƙare da rayukan mutane da dama cikin makiyaya. Nonon akuya abinci ne mai kyau ga yara, amma a tafasa shi.

Haihuwa da fitarwa kasuwa

Cikin akuya wata 5 ne. Wadda ta ga ranar da aka yi barbara ta sa ɗan lakkol ya rubuta, sai ta san lokacin ƙara dussa da lokacin daina tura ta kiwo mai nisa. Yawanci akuya na haihuwa da kanta. In ta yi awa guda tana yunƙuri babu abin da ya fito, a nemi taimako. Da ɗa ya faɗo a share masa hanci, a bar uwa ta lashe shi, a shafa ma cibiya maganin ciwo irin na aidin, a tabbata ya kama nono cikin awoyin farko. Wannan nonon farko mai kauri, dakashi, shi ne rigakafin ɗan akuya. Wanda bai sha shi ba da wuya ya wuce zawon makonnin farko. Masu tatse shi su dafa su sani ran ɗan suke ci. In tagwaye ne a lura da ƙaramin, babban kan ture shi. A wata na farko a bar masu nonon duka, in za a tatsa daga baya a rage masu rabonsu, a yaye su wajen wata uku. Waɗanda aka haifa cikin ɗari a kwana da su wuri mai ɗumi.

Ƴar akuya kan nemi bunsuru tun ba ta gama girma ba. In aka bari ta ɗauki ciki a lokacin sai ta tsumbure, ɗan ma ya zo ƙarami; a tsare ta har ta kai wata takwas ko fiye. Bunsuru kuma kada ya daɗe a gida har ya hau ɗiyansa, a yi musanya da na wata unguwa. Sauran mazan a dandaƙe su tun suna ƙanana su zama taure, sun fi ƙiba, naman kuma babu wari.

Su ne na saidawa, tare da tsofaffi da wadda ta shekara ba ta ɗauki ciki ba. Uwa mai haihuwa ita ce uwar kuɗi, ita ake taɓawa daga ƙarshe. Lokacin fitarwa ma abin lura ne. A 2005 buhun hatsi ya doshi jika 30 a wasu kasuwanni, daidai lokacin da kowa ya fito da ramammun awakinsa, kuɗinsu ya faɗi warwas. Wadda ta sai da taurenta da kaka ko farkon rani, yana da tsoka hatsi kuma na araha, ta ci riba sau biyu. Kuma tun da yawancin manyan masu saye Najeriya suke kai kaya, ta Jibiya da Illela da Mai'aduwa da Maigatari, darajar naira da halin iyaka na taɓa kuɗin akuya har cikin ƙauye, kamar yadda aka gani lokacin rufe iyaka na 2019 da na 2023.

Waɗanda suka samu awaki ta hanyar habbanaye nauyinsu ya fi na kowa. Al'adar Fulani ce ta asali, mutum ya ba ɗan uwansa aron dabba mace, ta haihu ya riƙe ɗiyan ya mai da uwar. Ƙungiyoyi sun ɗauko ta suka sa cikin tsarin mata, har da ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991: mace ta riƙe awakin har su haihu a yaye, sannan ta miƙa ma ta gaba. In akuya ta mutu a hannunta saboda leda ko rashin shaushawa, maƙwabciyar da ke jiran layi ita ma ta rasa, zumunci kuma ya yi tsami. Shi ya sa ya kamata ƙungiya ta zauna tun ranar rabo ta yanke abin da za a yi in dabba ta mutu ko aka sace ta, ta ware wani abu cikin zubin mako domin magani da kuɗin kiran ma'aikacin kiwo, ta kuma gayyato mazan su ji da kunnensu cewa waɗannan awaki amana ce, ba a kama su don kuɗin mota ko na suna. In ƙungiyar na da hali, ta sayi harawa da dussa a dunƙule tun watan Nuwamba, ta ajiye a gidan ma'ajiya, ta riƙa saida ma membobinta da bazara a kan kuɗin kaka da ɗan abin da zai koma asusu.